Mutumin da ke Cikin Kwalbar Auta

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini. In maganar mai nauyi ce sai ta kalli tukunya ko ƙofar ɗaki ta faɗa, ni kuma in tsinta. Ƙanwata, wadda kowa ke kira Auta, ita ta kwashe rabon hirar da ban samu ba. Tun tana rarrafe take sa hannu a kwanon Inna, haka ta girma, har ta ci jarrabawar bak ta tafi karatu Yamai ba ta san wani kwano nata na daban ba in tana gida.

Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Dungas. Bayan rasuwar Baba mai gidana ya ce Inna ta dawo wurinmu Magariya. Aka yi mata ɗaki kusa da madafa, ta zo da akwatinta da turminta da awakinta. Ta kuma zo da aikin da aka san ta da shi a can, wankan gawa. Ba a daɗe ba matan unguwa suka gane, duk macen da ta rasu sai a aiko kiranta. Ko sabulu ba ta karɓa. Ni nake bin ta ina zuba mata ruwa.

Na yi lakwal, wato boko, har na ci jarrabawar birbe, na ɗan taɓa lise, babbar sakandare, sai aure ya zo. Auta ce ta zarce. Daga Damagaram sai Yamai, daga can ta samu bursi, tallafin karatu, ta ƙetare teku, ta shiga aikin bincike a wani labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Mu dai a gida abin da muka sani shi ne tana sa farar riga amma ba ta duba marasa lafiya. In baƙi suka tambayi Inna sai ta ce, "Likita ce, amma ta kwalabe."

Wata rana da hantsi Auta ta kira a wayata, irin kiran da ake ganin fuska. Na kai wa Inna tana tankaɗe. Suka gaisa, suka yi tsiyarsu da suka saba, Inna ta ce ta rame, ita ta ce ai Inna ce ta ƙi aiko mata da kuka. Can sai Inna ta ce:

"Wai ke Auta, me ke cikin kwalaben nan da kike yini a kansu?"

"Wani abu ne, Inna, anzim ake ce masa. Na mutum ne."

"Na mutum kamar yaya?"

"Irin wanda ke cikin jikin ɗan Adam. A ƴar kwalba yake zuwa mana, kamar ɗigon ruwa. Sai mu sa shi a wani firigo da ya fi ƙanƙara sanyi, don kada ya mutu."

A nan layin ya tsinke. Na yi ta ƙoƙarin maido shi bai dawo ba. Inna ta ci gaba da tankaɗe, ni kuma ban ɗauki abin da wani nauyi ba. Na dai lura daga ranar in baƙi suka tambayi aikin Auta, sai ta ce tana karatu, ta sako wata maganar.

Auta ta zo wakansi, wato hutu, da kaka, lokacin cirar gyaɗa. Mai gidana ya ɗauko ta daga tasha. Inna ta fito har zaure, abin da ba ta yi wa kowa, ta rungume ta, ta yi hawaye, ta shafa kumatunta tana cewa ba su ba ki abinci. Na ce a raina komai lafiya.

Da aka sauke tuwon rana na zuba musu a kwano ɗaya kamar kullum. Inna ta dubi kwanon ta ce da shi, ba da ni ba, "A raba. Baƙuwa ta sha hanya, ta ci nata ta ƙoshi." Na raba. Auta ta yi dariya ta ce yau ita ce baƙuwa. Washegari ma aka raba. Da ta dama wa Inna fura, Inna ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta rufe da faifai, na same ta da la'asar ta tsinke ba a taɓa ba. Ranar da muka zauna matsar man gyaɗa, Auta ta naɗe hannun riga za ta sa hannu cikin tunkuza, Inna ta janye kwanon a hankali ta ce, "Bar shi, hannunki ya yi laushi, je ki kula da wuta."

Ba faɗa, ba ɗaure fuska. Hira suna yi. Sai dai duk abin da hannun Auta ya taɓa ba ya shiga bakin Inna, kuma ba ta yarda hannun ya taɓa jikinta. Ko ƙafarta da ke ciwo, wadda Auta ce ke matsa mata in tana gida, sai ta ce ta yi sauƙi, alhali ina ganin yadda take dafa bango in za ta miƙe.

Auta ta same ni a madafa ina yanka kuɓewa. Ta zauna a kan turmi, idonta ya yi ja.

"Yaya, me na yi wa Inna?"

"Kin tuna ranar da kika ce mata abin da ke cikin kwalbarki na mutum ne?"

Ta dafe kai. "Wai tsammani take gawa nake yankawa?"

"Ban san me take tsammani ba. Kin san ba ni za ta gaya wa ba. Ni ma kuma, in gaya miki gaskiya, ban san mene ne ba."

Sai ta gyara zama. Auta in za ta yi bayani hannunta ya fi bakinta aiki, sai da na kawar da wuƙar.

"Kin san in za a yi suna ana ba wata goro ta bi gida-gida?"

"Alawa ake rabawa yanzu. Kin daɗe ba kya gari."

"To alawa. Jikinki cike yake da ƙwayoyin halitta, kin yi su a lakwal."

"Mun yi. Madam ta zana mana ta albasa a allo."

"To cikin kowace ƙwaya akwai masu rabon alawa. Saƙo zai zo daga waje, a ce lokacin girma ya yi, ko an ji rauni a zo a gyara. Sai wannan anzim ɗin, kinaz muke ce wa irinsa, ya ɗauki wani ɗan ƙaramin abu ya danƙa wa na kusa da shi. Wanda aka danƙa wa ya miƙe, shi ma ya je ya tada wani. Haka har saƙon ya isa inda za shi."

"In mai rabon ya ƙi komawa gida fa?"

"Abin da nake bincike ke nan. In ya yi ta rabo ba suna ba biki, sai ƙwayoyi su yi ta haihuwa ba a ce su haihu ba. Wasu irin ciwon daji haka suke farawa. Mu sai mu ɗiga shi cikin ƴan ramuka a kan faranti, mu ɗiga masa magunguna iri-iri, mu ga wanne zai sa shi ya zauna."

Na ajiye kuɓewar ina kallon tafin hannuna. Shekara da shekaru ina alwala da wannan hannu, ban san ana ta aike-aike a cikinsa ba, wannan ya tada wannan, ba wanda ya makara, ba wanda na taɓa umarta. Na yi tasbihi a zuciyata. Amma tambayar Inna tana nan, sai na yi ta.

"Daga jikin wa ake tatso shi?"

"Ba daga jikin kowa ba, Yaya. Shi ya sa raina ya ɓaci. Yadda ake ƙera shi a rubuce yake cikin kowace ƙwaya ta kowane mutum. Rubutun aka kwafa, aka ba ƙwayoyin wata halitta daban, su suke ƙerawa. Wasu da ƙwayar bakteriya suke yi. Namu da ƙwayoyin jikin wani ƙwaro ake yi, ana kiwonsu a kwalba cikin romo. Kin ma san shi. Tsutsar nan da ke shiga zuciyar masara da dawa."

Na yi dariya har na ƙware. Na ce ta zo mu je ta faɗa wa Inna haka, da bakinta, magana ta ƙare.

Muka same ta a gindin itacen bedi tana tsinkar gyaɗa daga harawa. Muka zauna muka kama mata. Auta ta fara daga alawa har ta iso tsutsa. Inna tana saurare, hannunta bai tsaya ba.

"Tsutsar da ta cinye wa kawunku dawa?"

"Ita, Inna."

"Ashe can aiki aka ba ta. Nan ɓarna take."

"Ba tsutsar ce gaba ɗaya ba, ƙwayoyin jikinta ne."

"To. Allah mai iko." Ta watsa gyaɗa cikin ƙwarya. "Da mutum ne, yanzu kuma tsutsa. Gobe in kin ga ban sake ba sai ki ce fara ce."

"Inna, ƙarya zan yi miki?"

"Ban ce ba. Ke dai da bakinki kika ce na mutum ne. Ni ban tambaye ki tsutsa ba."

Ta miƙe, ta dafa bedin, ta tafi alwala. Auta ta zauna da reshen gyaɗa a hannu kamar an tsayar da ita a gaban aji.

Mai gidana da ya ji labari ya ce abin mai sauƙi ne, a je wurin malamin masallacinmu a tambaya ko aikin ya halatta, in ya ce ya halatta shi ke nan. Na kai wa Inna wannan shawara ina share mata ɗaki. Ta ce da tsintsiyar, "Wa ya ce haramun ne?" Na fita na rasa inda zan kama. In ba ƙazanta take gani ba, ba kuma haramci ba, to mene ne? Kwanakin hutun Auta kuwa suna ta ƙarewa. Inna ta tsufa, hanya da nisa, kuma ba kowace shekara ake samun zuwa ba. Ba wanda ya faɗa, amma dukanmu mun san ba mamaki wannan ne zuwan da za a riƙa tunawa. Na ji tsoron Auta ta hau mota da wannan abu tsakaninsu.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta rasu a bayan layinmu, mai sayar da daddawa. Da safe aka aiko. Inna ta ɗauki ƙullin garin magarya da kafur, na ɗauki buta, muka tafi.

Na sha ganin Inna tana wannan aiki, amma ranar na kalle ta da wani ido. Tana yi wa mamaciya magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya, za mu juya ki, yi haƙuri, saura kaɗan. Ba ta bari zane ya zame. Da ta zo kai, ta tsefe kitson a hankali, ta wanke, kuma duk gashin da ya fita sai ta tsince shi daga yatsunta, ta tsince wanda ya maƙale a tabarma, ta tara a gefe. Har wani siriri fari da ya bi ruwa ya nufi rariya sai da ta sa yatsa ta tare shi. Da aka zo sutura ta dunƙule su ta sa cikin likkafani. Na san tana yin haka. A gida ma haka take, farce in an yanke a tona a rufe, gashin tsifa a rufe, cibiyar kowane ɗa nawa ita ta binne ta a bayan ɗaki. Ban dai taɓa haɗa wannan da wancan ba.

A hanyar komawa muka biyo ta lungun masu kabu-kabu, rana ta fara zafi, tana tafe a hankali saboda ƙafar. Muka tsaya a inuwar wani shago ta huta. Sai ta ce, tana kallon butar da ke hannuna:

"Ita wannan an rufe ta da komai nata."

Na ce, "An rufe, Inna."

"Shi kuwa wancan bawan Allah, an bar wani yanki nasa a kwalba, cikin sanyi, a ƙasar da ba a san shi ba. Ba wanka, ba sutura. Danginsa suna can sun ɗauka sun rufe shi duka." Ta gyara tsayuwa. "Kuma hannun ɗiyata ke buɗe shi kullum tana rufewa. Ni da ake kira in haɗa mutum da abinsa. In na ci daga hannun nan kamar na ce ba komai."

Tun da nake, ban taɓa jin Inna ta yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na so in ce wani abu, sai na ga in na juyo na dube ta za ta ji kunya ta rufe bakin. Na ci gaba da kallon titi. Ashe ba ƙyamar Auta take ba. Tausayin wani take ji, wanda ba ta sani ba, kuma ta ɗauki haƙƙinsa ta aza wa kanta, tun da a ganinta ba mai nema masa.

Na gaya wa Auta bayan azahar. Da farko ta ce, "Amma ai ba kowa a ciki." Na ce na ji, amma ki je ki amsa mata abin da ta tambaya, ki bar abin da kike so ta tambaya.

Muka shiga ɗakin Inna. Tana kan buzu da carbi. Auta ta zauna a ƙasa dab da ita, ni na tsaya daga bakin ƙofa.

"Inna, Yaya ta gaya mini. Wallahi babu naman kowa ko jinin kowa a kwalbar nan. In kin kwafi karatu daga allon wani zuwa naki, kin ɗebo masa katako?"

"A'a."

"To haka ne. Rubutun kawai aka kwafa. Kuma rubutun nan ba na mutum ɗaya ba ne, yana jikina, yana jikinki, yana jikin Yaya."

Inna ta ja carbi kaɗan. "Amma sai da aka ɗauki allon wani aka duba."

Auta ta ɗago kai. Na ga lokacin da ta yanke shawarar ba za ta kewaye ba.

"Haka ne, Inna. Da farko can, da daɗewa, an samu wani ɗan abu daga jikin wani, ko jini ko ɗan tsoka, aka karanta daga ciki."

"Da ransa ko bayan ya rasu?"

"Ban sani ba."

"Namiji ko mace?"

"Ban sani ba, Inna."

"An tambaye shi?"

"Yanzu doka ta ce sai an tambaya. A wancan lokacin ban sani ba. Mu sayo shi muke daga masu ƙerawa. Ban taɓa tambaya ba."

"Shi ɗan abin da aka ɗiba, ina yake?"

"Ba ya cikin kwalbata. Wannan na tabbata. Inda ya ƙare kuwa ban sani ba."

Na ɗauka a nan komai ya lalace, don ban taɓa jin Auta ta jera "ban sani ba" haka ba. Amma sai na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ta dubi Auta sosai, irin kallon da ba ta yi mata ba tun da ta zo.

"Yau kika yi mini magana. Ran nan lakwal kika yi mini."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Ciwon da kika ce kuna nema wa magani, irin na matar liman ne ta ƙauyenmu, wadda nononta ya ruɓe?"

"Irinsa ne, Inna. Da wasu."

"Ni na wanke ta." Ta ce mu tashi mu ba ta wuri za ta yi nafila.

Ranar ma kwano biyu na zuba, ba ta ce a haɗa ba, ni kuma ban yi karambani ba. Na yi ta tunani ina wanke-wanke. Auta gaskiya ta faɗa, ba kowa a kwalbar. Inna ma ba ta yi kuskure ba, akwai wani a farkon zancen. Ni da na yi rabin lakwal na tsaya a tsakiya ina ganin kowacce da hujjarta, na rasa wadda zan ce ta sassauta. Abin da na iya kawai shi ne na roƙi Allah kada ya raba su a kan haka.

Ana gobe Auta za ta tafi, da hantsi, Inna ta fito da tabarma ta shimfiɗa a gindin bedi. Ta cire ɗankwali. Kitsonta ya tsufa, duk ya tashi. Ni nake mata tsifa tun da ta dawo gidana, har na miƙe zan ɗauko matsefi, sai ta ce:

"Auta, zo ki tsefe mini kan nan. Waccan hannunta nauyi gare shi."

Ban ji haushi ba ko kaɗan, ko da yake ba gaskiya ba ne. Na miƙa wa Auta matsefin na koma kan turmi ina tsintar wake, inda zan ji komai ba a ce ina saurare ba.

Auta ta durƙusa a bayanta. Da farko da bakin yatsu take taɓa kan. Inna ta ce, "Ke, kai ne, ba kwalba ba, kama da kyau." Suka yi dariya. Ta tsefe layi-layi, ta shafa mata man shanu, ta taje. Inna ta lumshe ido. Can ta fara magana, a hankali, kamar mai ba da saƙon kasuwa.

"In kin koma ki tambaya. Wanda ya sayar muku ya san wanda ya sayar masa. Ki bi har inda ƙafarki ta tsaya."

"To, Inna."

"In an gano musulmi ne, ki gaya mini. In ba musulmi ba ne ma ki gaya mini, ɗan wani ne."

"To."

"Kuma kada ki ƙara buɗe kwalbar nan kamar kina buɗe lemo. Ki yi bisimilla. Ki tuna da wani aka fara."

"Zan yi, Inna."

Da aka gama, Inna ta tattara gashin da ya zube a kan zanenta, fari da baƙi, ta murza shi ya zama ɗan dunƙule. Ta kamo hannun Auta ta buɗe tafin ta sa mata.

Auta ta dube shi, ta dubi Inna, tsiyar ta motsa. "In tafi da shi labo? Akwai rubutu a ciki."

"Ki tafi da shi ki gani in ban biyo ki har can ba. Bayan ɗaki, gindin katanga. Ki tona da zurfi, kaji na nan."

Da rana na tsaya da mara a hannu ban san kwano nawa zan ɗauko ba. Inna ta hango ni daga inda take ta ce da murhu, "Wai wanke-wanke ne ba ya isar mutanen gidan nan?" Na ɗauko ɗaya.

Auta ta tafi da safe. Inna ta riƙe hannunta har zaure, ta sa mata albarka mai tsawo, ta haɗa da masu aiki tare da ita, ta haɗa da tsutsar ma don a yi dariya.

Ta cika alkawari, ta tambaya. Abin ya ɗauki watanni. Masu ƙerawa suka ce su ma rubutun a ajiye suka same shi, inda masu bincike na duniya ke tara irinsa. Ta bi ta tsofaffin takardun waɗanda suka fara karanta shi, ta tarar sun faɗi daga wane sashe na jiki aka ɗiba, amma ba suna, ba gari, ba a ma ce namiji ne ko mace ba. Wani dattijo a labonsu ya gaya mata da gangan ake ɓoye sunan, don a rufa wa mai shi asiri. Ya kuma ce ba mamaki ba mutum ɗaya ba ne. Daga nan hanya ta ƙare.

Ta kira ta gaya wa Inna duk wannan, ba ta rage komai ba. Ni ke riƙe da wayar. Inna ta saurara har ƙarshe.

"To an rufa masa asiri ke nan. Wannan ma wani abu ne." Ta matso kusa da wayar. "Ba ki samo shi ba dai."

"Ban samo shi ba, Inna."

"Allah ya san shi. Kin ci abinci?"

Tun daga lokacin, in ta idar da salla tana jera mutanenta, Baba, iyayenta, ƴaƴanta biyu da suka rasu suna ƙanana, matan da ta wanke, nakan ji ta ƙara da, "da bawanka na wurin Auta, in ɗaya ne in suna da yawa." Ba ta taɓa yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Nakan ce amin daga madafa.